Manhajar YouVersion da karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa: ta kawo littafin hannu, sauran aikin na mai karatu ne

A sujadar Hausa ta ranar Lahadi, ko a majami'ar ECWA ne ko ta COCIN ko ta EYN ko ta HEKAN, da zarar mai wa'azi ya ce a buɗe sura kaza, za ka ga matasa da dama waya suke cirowa daga aljihu. Ɗaya daga cikin manhajojin da suke buɗewa ita ce YouVersion, wadda ikkilisiyar Life.Church ta jihar Oklahoma a Amurka ta fitar a 2008. Kyauta ce, ba ta saka talla, kuma zuwa 2021 an sauke ta a wayoyi sau miliyan 500. Hukuncinmu a kanta shi ne ta cancanci wuri a wayar kowane mai bi da ke karatun Hausa, amma idan aka bar ta yadda ta zo, ta fi koya wa mutum tsintar ayoyi a kan karanta Maganar Allah.

Babban alherinta shi ne fassarorin da ke ciki. Akwai Littafi Mai Tsarki na Bible Society of Nigeria, wanda shi ne aka saba ji daga bagadi, akwai kuma Sabon Rai Don Kowa na Biblica, bugun 2020, mai Hausa irin ta yau da kullum. Wanda ya san cewa cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito da Hausa ba sai 1932, bayan shekaru na wahalar su Dakta Walter Miller a ƙasar Zazzau, ba zai raina fassara biyu a cikin waya ɗaya ba. Ana iya zaɓar aya a gwada ta a fassarorin biyu a shafi guda, kuma wannan ya fi amfani a wasiƙun Bulus, inda jimla ɗaya kan yi tsawo har mutum ya manta farkonta. Abu ɗaya da ke rikita sabon shiga: sunayen wasu littattafai sun bambanta, bisharar da ɗaya ta kira Yahaya ɗayar ta kira ta Yohanna. Zaɓi fassarar da ake karantawa a majami'arku ta zama ita ce ta kullum da ta haddar aya, ɗayar kuma ta zama ta dubawa idan wuri ya yi wuya.

Kafin komai, a sauke fassarar cikin waya. Mutane da yawa sun ɗauka saka manhajar ya isa, sai ranar da data ta ƙare ko sabis ya ɗauke su tarar da shafi fari fat. Ka buɗe asusu da adireshin imel, ka taɓa sunan fassarar da ke gefen sunan sura, ka nemi Hausa a jerin harsuna, sannan ka danna alamar saukewa a gefen kowace fassara. Don tabbatarwa, kashe data, buɗe Habakuk ko wani littafin da ba ka taɓa shiga ba. Idan ya fito, an gama. Rubutu ba ya cin wuri sosai, murya ce mai cin data, don haka a bar sauraro sai inda akwai intanet mai arha. Asusun nan kuma shi ke riƙe ayoyin da ka shafa wa launi da bayanan da ka rubuta, ko da waya ta ɓata ko ta lalace. Wanda ya goge bayanan manhajar don neman wuri a waya, to ya share fassarar da ya sauke, sai ya sake saukewa. Mai ƙaramar waya kuwa akwai Bible App Lite daga gida ɗaya, wadda aka yi musamman don wuraren da intanet ba ya tsayawa.

Inda take rage wa mai karatu ya shafi abin da Kirista ke nufi in ya ce Maganar Allah. Bisharar Yahaya ta fara da cewa Kalman yana nan tun fil'azal, aya ta 14 kuma ta ce ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Wato Maganar Allah tun farko Yesu Almasihu ne, Nassi kuwa hurarren shaida ne a kansa, kamar yadda shi da kansa ya faɗa wa shugabannin Yahudawa a Yahaya 5:39. A hanyar Imuwasu, a Luka 24:27, Yesu bai ba almajirai biyun da ya haɗu da su aya guda kawai ba. Ya fara daga Musa, ya bi ta annabawa duka, yana nuna musu abin da aka rubuta game da shi. Littafin labari ne mai farko da tsakiya da ƙarshe, kuma haka aka rubuta shi. Rabon surori da muke amfani da shi sai a ƙarni na 13 ya zo ta hannun Stephen Langton, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma a 1551 ta hannun Robert Estienne. Filibiyawa wasiƙa ce aka karanta musu daga gaisuwa har sallama.

Ita kuwa manhajar, abin da take fara ɗora maka a ido shi ne ayar ranar, ita kaɗai, da hoto mai kyau da za a tura a WhatsApp. Ayar gaskiya ce, amma cire ta daga mahallinta na iya sa ta faɗi abin da ba ta faɗa ba. Irmiya 29:11, game da shirin alheri da Allah yake da shi, an rubuta ta ne ga mutanen da aka kwashe zuwa Babila, kuma aya ta 10 ta gaya musu sai shekara 70 sun cika kafin su koma gida. Wanda ya karanta ta tare da wannan zai sami ƙarfin jimrewa cikin doguwar wahala. Wanda ya karanta ta ita kaɗai zai sa rai ga buɗi nan da ƙarshen wata, in bai zo ba ya yi fushi da Allah. Haka Filibiyawa 4:13: Bulus yana tsare, yana maganar koyon zama da ƙoshi da yunwa. Ayar ranar ɗanɗanon miya ce a bakin ludayi, ba ta ƙosar da kowa. Maganin mai sauƙi ne, kuma manhajar ta ba da hanya: taɓa ayar, buɗe surar gaba ɗaya, karanta daga aya ta farko.

Akwai kuma lissafin kwanakin da mutum ya buɗe manhajar a jere. Yana taimaka wa wasu a makonnin farko, amma buɗewa yake ƙirgawa, ba ya sanin ko an karanta, balle ko an aikata abin da Yakubu 1:22 ya ce. Haɗarinsa yana fitowa ranar da lissafin ya yanke saboda waya ba caji: mutum ya ga kwana sittin sun koma ɗaya, gwiwarsa ta yi sanyi, ya daina baki ɗaya.

Tsare-tsaren karatu suna da yawa ƙwarai a ciki, sai dai mafi yawansu da Turanci aka rubuta bayaninsu. Mai karatun Hausa ba ya buƙatar jira, lissafin a fili yake. Littattafai 66 ne, surori 1,189, wato 929 a Tsohon Alkawari da 260 a Sabo (na Katolika littattafai 73 ne, lissafinsu ya ɗan fi haka). Gama duka a shekara na bukatar sura uku zuwa huɗu kowace rana. A nan ne yawancin masu niyyar sabuwar shekara ke faɗuwa, kuma dalilin sananne ne: Farawa da Fitowa surori 90 ne, a sura uku kullum sun ƙare cikin kwana 30, sai farkon Fabrairu ya ajiye mutum a Littafin Firistoci, cikin dokokin hadayu da na kuturta, ba tare da ya san abin da suke nunawa ba. Ga wanda bai saba ba, mun fi son ya fara da Markus, surori 16, sura ɗaya a rana. Daga nan Luka da Ayyukan Manzanni, marubuci ɗaya, surori 52 a haɗe. Wanda ya riƙe sura ɗaya daga Litinin zuwa Juma'a zai gama Sabon Alkawari a shekara cif, domin kwanakin aiki na mako 52 su ma 260 ne, Asabar kuma ta rage don cike gurbin da aka tsallake. Idan lokacin Firistoci ya yi, a karanta shi tare da Ibraniyawa sura 7 zuwa 10. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Sura matsakaiciya ayoyi ashirin da 'yan kai ce, minti biyar sun ishe ta ko da da ƙarfi ake karantawa. Karatu da murya ya fi kama hankali a Hausa, musamman ga wanda makaranta ta saba masa da karatun Turanci, domin kunne kan gane jimlar da ido ya yi tuntuɓe a kanta. Bayan karatun a ɗauki wasu minti biyar a amsa tambayoyi uku a ƙaramin littafin rubutu: wa ke magana da wa, me wurin ya nuna game da Allah da Almasihu, me zan yi ko in bari yau. Sai a mai da amsar ta uku addu'a. A ɗaura wannan a jikin abin da ba ya tashi a gidan, kamar addu'ar safe kafin yara su fita.

Tunatarwar da manhajar ke aikowa ba abin dogaro ba ce a wayoyi irin su Tecno da Infinix da itel, saboda tsarin tanadin batir kan kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye. Ko dai a shiga saitin batir a cire ta daga cikin waɗanda ake kashewa, ko a saita ƙararrawar wayar kawai. Kuma tunda fassarar tana cikin waya, a kashe data kafin a fara, in ba haka ba saƙon WhatsApp zai faɗo a tsakiyar Zabura ya tafi da mutum.

Ga ɗalibi, direba, soja da duk wanda ke kan hanya, ba mu ga abin da ya fi ta sauƙi ba. Ga dattijon da idonsa ya raunana ma tana da amfani, don ana iya ƙara girman rubutu, abin da bugun takarda ba ya yi. Amma a sujadar iyali, da ajin baftisma, da zumuntar mata inda ake zagaya karatu aya aya, littafin takarda ya fi ta: shafi biyu a buɗe suna nuna abin da ya gabata da abin da ke biye, yara kuma suna koyon inda kowane littafi yake. Wanda ke da hali ya riƙe duka biyun, na takarda a gida, na waya a hanya, da fassara iri ɗaya a cikinsu.