Koya wa yaro mai otizim magana da mu'amala: wace hanya ta cancanci kuɗinmu a Damagaram?

Duk gidan da Allah ya ba yaro mai otizim, lalurar da wasu ke kira galahanga, masu shawara ba sa ƙarewa a ƙofarsa. Wannan ya ce Yamai, wancan ya ce Kano, wata ta ce ga mai magani a bayan kasuwar Dole. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta a 2023 cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da wannan lalura, ke nan ba mu kaɗai ba ne, amma aljihun kowa daban. Ni uwa ce, kuma ga yadda na auna hanyoyin.

Kafin a kashe ko dala, a kai yaro wurin likitan kunne a gwada jinsa. Yaron da bai ji sosai ba zai waiwayo in an kira sunansa ba, kuma taimakon da yake buƙata daban ne. In yana suma ko farfaɗiya a faɗa wa likitan yara, domin farfaɗiya tana yawan haɗuwa da otizim, ita kuwa tana da magani.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a horar da iyaye su koyar da ɗansu a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da irin wannan shiri a 2022 domin yara masu shekara 2 zuwa 9: zama 9 na rukunin iyaye da ziyara 3 a gida, an tsara shi yadda ma'aikacin lafiya ko malamin da ba ƙwararre ba zai iya jagoranta, kuma takardunsa kyauta ne a intanet. Abin da ke ciki ba ya buƙatar kayan tsada. Ki durƙusa daidai tsayin yaron, fuska da fuska. Ki bi wasan da ya zaɓa, ko da jera murafen kwalba ne, maimakon ki ja shi zuwa naki. Ki rage magana: "ruwa", ba "zo ka karɓi ruwa ka sha" ba. Mafi wuya shi ne jira. Ki riƙe ƙosai a hannu ɗaya, dabino a ɗayan, ki yi shiru ki ba shi lokaci. In ya nuna, ko ya kalla, ko ya yi wani ɗan sauti, ki ba shi nan take ki faɗi sunan abin. Wanka, cin tuwo, sa takalmi, duk sun zama aji, kuma ajin ba ya tashi don kuɗin kabu-kabu ya ƙare. Kaka da yayye ma suna koya, yaron ya riƙa jin salo ɗaya daga kowa.

Ga wanda bakinsa bai buɗe ba, a haɗa da katin hoto. Tsarin da ake kira PECS, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro a Amurka a 1985, yaro ne ke miƙa hoton abin da yake so a ba shi abin. A farko mutum biyu ake so, ɗaya a gaba riƙe da abin, ɗaya a baya yana taimaka wa hannun yaron. Ba sai an sayo katin waje mai hoton abincin da bai taɓa gani ba. A ɗauki hoton kofinsa da kwanon furarsa, a wanke, a sa musu leda. Masu cewa hoto zai hana shi magana su kwantar da hankali, bincike bai nuna haka ba. Mu'amala kuma da yaro ɗaya mai haƙuri ake fara ta, ana mirgina ƙwallo, "naka", "nawa", ba a tsakiyar hayaniyar biki ba.

Ƙwararren mai koyar da magana, ortofonis, yana da amfani ƙwarai, sai dai Yamai kusan kilomita 900 ce. A je ya duba yaro ya rubuta tsarin da za a bi a gida, ya fi a sayar da gona don zaman wata da watanni. Lakwal tana da kyau in ajin ba cunkoso kuma madam ta yarda ta saurari uwa. Salula da katun kuwa reno ne kawai, ba koyarwa ba.

Yanzu ma'aunin da ba na sassautawa a kai: ana barin uwa ta shiga ta gani? Wani mai kiran kansa ƙwararre ya taɓa karɓar kuɗinmu na watanni gaba ɗaya, ya ce sai an rufe ƙofa yaro yake natsuwa. Ɗana ya koma yana kuka da ya hango layin gidan, kuɗin kuma bai dawo ba. Duk wanda ya hana ki kallo, ko ya nemi jikkuna masu yawa a dunƙule, ko ya kasa faɗa miki abu ɗaya da yake son yaron ya iya nan da wata guda, ki ɗauki ɗanki ki fita. Ki nemi ganin takardar karatunsa, mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Ƴan damfara sun san zuciyar uwa. Babu ƙwaya, babu jiƙo, babu allura da ke warkar da otizim. Magungunan da likita kan rubuta na rage tsananin fushi ne ko rashin barci ko farfaɗiya. A WhatsApp da TikTok ana tallar garin "buɗe baki cikin kwana bakwai" da bidiyon yaran da ba wanda ya san asalinsu. Akwai ruwan da ake kira MMS, sinadarin bilic ne, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa domin yana jawo amai da zawo mai tsanani. Akwai masu "wanke ƙarfe daga jini", abin da ya kashe wani yaro ɗan shekara 5 a Amurka a 2005. Masu cewa rigakafi ne sanadi suna jingina da rahoton Andrew Wakefield na 1998, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2010, aka kuma ƙwace lasisinsa na likita a Ingila. Kada a hana ƙannen yaron rigakafin ƙyanda saboda wannan.

Na gida ma a kula. Kai yaro wurin wanzami a yanke linzami ko a cire beli ba ya kawo magana, don matsalar ba a harshe take ba, sai zubar jini da ciwo. Addu'a muna yi dare da rana, amma wanda zai ɗaure yaro ko ya doke shi ko ya turnuƙe shi da hayaƙi da sunan fitar da iska, kada a bar shi ya taɓa shi ko sau ɗaya, ko da dangi ne suka kawo shi.