Tauraro ɗaya na ba su, shi ma don babu wajen danna sifili

Ni dai ban taɓa sauke manhajar ba da bashin nan a wayata ba balle in ci sisin kwabonsu, amma wallahi na fi wanda ya ci bashin sanin halinsu, don sati uku cur suka yi suna bina kamar na kashe musu mutum. Ba zan kama sunansu ba, ai su ma sunan ba ya zama, yau su fito da wannan gobe su canza launi su dawo da wani.

Asalin maganar ɗan baffana ne ya ci. Ni da shi sunanmu ɗaya, duk sunan kakanmu aka sa mana, kuma a makaranta da sunan garinmu aka rubuta mu, to a takarda ba ka iya bambance mu sai dai a gida ni ake ce wa Babba shi Ƙarami. Babur ɗinsa ya lalace, ya ga tallarsu a Facebook wai bashi cikin minti biyar ba jingina ba garanto, ya danna. Daga baya da wuta ta kama na zaunar da shi na karɓi wayar na bi komai ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa nake da bakin magana.

Bari in faɗi gaskiya kan abin da suka iya: suna da sauri. Ka sa lambar BVN, ka ɗauki hoton fuskarka, ka sa lambar akawun, kafin ka gama shan shayi alat ya shigo. Iyakar alherinsu kenan. Dubu 20 ya nema, dubu 14 suka turo, wai sun cire kuɗin aiki, kuma dubu 20 ɗin zai biya cikin kwana 7, in ya wuce kullum ana ɗora tara. Ba ma maganar kuɗin ruwa da malamai suka gaji da yi mana wa'azi a kai ba, ko a lissafin ɗan kasuwa wace sana'a ce za ta kawo maka wannan ribar a sati ɗaya? Kafin a kai ga kuɗin kuma sai da manhajar ta nemi izinin shiga lambobin wayarsa da hotunansa da saƙonninsa, shi kuma ido ya rufe, ya yi ta danna na yarda na yarda. Jinginar da suka ce babu kenan, duk mutanen da ke cikin wayarsa ya jinginar bai sani ba.

Kwana na 8 ina fitowa daga sallar asuba waya ta yi ƙara, wata mata ce da turancin buroka tana zazzaga masifa ko sallama babu. Na ce baiwar Allah kin yi kuskuren lamba, ta kira cikakken sunana. Gabana ya faɗi. Ranar sun kira ni ya fi sau 30, in na yi bulokin wannan layi su ɓullo ta wani, ina cikin auna wa kwastoma yadi waya na ta kuka a aljihu har mutumin ya ce malam ɗauka mana ko gida ne ba lafiya.

Da suka ga turancin ba ya shiga sai suka haɗa ni da wani mai jin Hausa, kuma wannan mutumin shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani. Na yi masa bayani a tsanake, na ce ga lambar da aka ci bashin da ita ba tawa ba ce, hoton da ke wajenku ba fuskata ba ce, BVN ɗin ma ba nawa ba ne ku duba. Ya yi dariya ya ce Alhaji mun sani ai, amma jini ɗaya ne, ka biya kawai sai ku sasanta a gida. Mun sani fa ya ce! Wato ba kuskure ba ne, Ƙarami ya kashe waya, sun leƙa sun ga wa ke da shago a dangin, suka zaɓe ni. Wai kuma ni ne garanto. Yaushe? A gaban wa? Mu da muka tashi muka ga in za a tsaya wa mutum sai an kira mai tsayawar ya zo da ƙafarsa ya ce na ji na ɗauka a gaban shaidu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take, su kuma don an ajiye lambarka a waya shi kenan ka zama mai lamuni.

Abin da ya fi ƙona min rai saƙon da suka watsa ne. Duk wanda ke cikin wayar Ƙarami ya samu, da sunan nan namu ɗaya, wai ɓarawo ne ɗan damfara a yi hattara da shi. Hoton nasa ne a WhatsApp, amma wanda ya samu ta tes suna kawai ya gani, kuma a unguwa in aka ambaci sunan nan ni ake fara tunawa. Limamin masallacinmu ya samu, yayan matata ya samu, guruf ɗin 'yan ajinmu aka yi ta tura shi ana tambaya wai gaskiya ne. Sai ga kiran maigidana na Kantin Kwari. Duk wanda ya san Kwari ya san da amana ake juya ta, mutumin nan shekara 9 yana ba ni dila ba takarda ba komai, in sayar in kawo. Ya ce ɗana me nake ji haka, in kuɗi ne ya matse ka me ya hana ka zo wajena? Na ce ranka ya daɗe wallahi ba ni ba ne, muryata har rawa take. Ya yarda da ni, Allah Ya saka masa, amma satin nan rabin kayan da ya saba ba ni ya bayar kuma ban ga laifinsa ba. Hajiyarmu kuwa da suka kira ta suka ce 'yan sanda na hanya za su ɗaure ɗanta, kwana ta yi ba barci jininta ya hau.

Ƙanwar matata da ke karatun lauya ita ta kwantar min da hankali. Ta ce Yaya bashi ba laifin da 'yan sanda ke kama mutum a kai ba ne, maganar kotu ce, kuma ko a kotun wanda bai sa hannu ba babu ruwansa. Ita ta nuna min cewa tun 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci wani kamfanin bashi tarar naira miliyan 10 saboda irin wannan tura saƙo ga mutanen da ba su ci ba su sha ba, a watan Maris na 2022 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, daga baya ta wajabta musu rajista. Google ma daga ƙarshen Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan waya, kuma dama ba ya yarda da bashin da ake cewa a biya kaf cikin kwana 60 ko ƙasa da haka. Nan na gane dalilin da ya sa tasu ba ta Play Store, ta wani lanƙwasasshen adireshi Ƙarami ya sauke ta. Ta sa na ɗauki hoton kowane saƙo, na naɗi muryar mai Hausar nan, muka rubuta ƙorafi ga FCCPC da hukumar kare bayanai ta NDPC wadda dokar Yunin 2023 ta kafa. Da na faɗa wa mutumin ina naɗar muryarsa bai sake kira da kansa ba, sai dai wasu.

Kastoma kiya kuwa kar ma ka wahalar da kanka, lamba ɗaya ce ba a ɗauka, ofis babu, adireshi babu. Kuma saƙon ɓata sunan har yau ba su tura na gyara ba duk da na roƙe su ya fi a ƙirga.

Ƙarami ban kyale shi ba shi ma, bashi hanji ne yana cikin kowa amma kashe waya ka bar mutane da wuta ba hali ba ne. Baffa ya tara mu, ya sayar da tunkiya ɗaya aka biya don a huta, ni dai na ce ko naira ɗaya ba za ta fito daga aljihuna ba kuma ba ta fito ba. Kwana biyu da biya sai ga tes a wayata, ni ɗin dai da suka kira ɓarawo, wai suna taya ni murna na cancanci bashin dubu 50, in danna nan.