Google Lens a hannun mai yaɗa labaran ikilisiya

A Fitowa 23:1 an haramta baza labarin ƙarya, kuma dokar ba ta ware wanda ya tura da kyakkyawar niyya ba. Sakataren da ya jefa hoton gawarwaki a zauren WhatsApp na ikilisiya da rubutun "a yi addu'a" ya ba da shaida ke nan. Binciken BBC na 2018 ya gano cewa wani bidiyo da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin Filato a watan Yunin shekarar, an ɗauke shi ne a Kongo Brazzaville tun 2012. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet.

Kyauta ce, kuma aikin bai kai minti biyu ba. Ka ajiye hoton a waya, ka buɗe manhajar Google, ka taɓa alamar kyamara, ka zaɓi hoton. Kada ka tsaya ga sakamakon farko, domin can masu kama da juna kawai take jerowa. Nemi sashen "Exact matches", inda ainihin hoton ya taɓa fitowa, ka buɗe shafuka uku ko huɗu ka duba kwanan wata da sunan gari. Idan an lafta rubutu ko tambari a kan hoton, ja gefunan akwatin da ya zagaye hoton ka yanke su, in ba haka ba rubutun za ta bi. Bidiyo kuwa sai ka tsayar da shi ka ɗauki hoton allo a wurare uku, musamman inda gini, allon shago ko lambar mota suka fito.

Wajen tona tsohon hoton da jaridu suka taɓa bugawa, ta cancanci yabo. Rauninta yana inda aka fi bukatarta. Ba ta ganin abin da ke yawo cikin WhatsApp ko rufaffun zaurukan Facebook, can kuwa jita-jita ke ƙyanƙyashewa. Hoton da aka yi ta turawa har ya dushe yakan kuɓuce mata, wanda aka ƙirƙira da kwamfuta jiya kuma ba shi da tsohon kwafi da za ta kamo. Nan mutane ke faɗawa rami: su ga babu sakamako su ce ai gaskiya ne. Rashin sakamako bai tabbatar da komai ba.

Ba ta kuma jera sakamako daga mafi tsufa, abin da TinEye, wani shafin binciken hotuna, ke yi duk da rumbunsa bai kai na Google ba. A haɗa su biyun, a leƙa shafin Dubawa, mai tantance gaskiyar labarai, a ga ko an riga an tantance labarin. Idan har yanzu babu tabbas, a kira fasto ko dattijon garin da aka ambata kafin hoton ya shiga sanarwar ranar Lahadi.