Katun na yara: faifai, kile ko abonema?

Masu ƴaƴa a Yamai da ke son sayo wa yara desen anime na wannan hutun, ku tsaya ku ji kafin ku kwashi kuɗi. Yaro ba ya kallon fim sau ɗaya, idan ya so shi zai maimaita har kowa a gidan ya hardace waƙoƙin, kuma wannan halin nasu ne ya azurta kamfanonin Amurka. The Lion King ya fito a 1994, da aka sake shi a kaset ɗin bidiyo a 1995 an sayar da kwafi sama da miliyan 30, Finding Nemo na 2003 shi ma DVD ɗinsa ya kai wajen miliyan 40. Frozen kuwa da faifansa ya fito a Maris 2014 an kwashi fiye da miliyan 3 a rana guda. To tunda maimaitawa za a yi, ni a ganina abin da ke hannunka ya fi wanda kake haya.

YouTube shi ya fi sauƙi amma shi ya fi cin kuɗi a ɓoye, kowane kallo forfe na tafiya, ga talla, ga shi yaro na latsawa ya faɗa abin da bai dace ba. Netflix na aiki a Nijar amma sai da katin banki da intanet mai ƙarfi. Dekodar Canal+ ba laifi, akwai tashoshin yara irin su Gulli Africa da Faransanci mai kyau, sai dai su ke zaɓa maka, wata ya ƙare ba ka sabunta ba allo ya yi baƙi.

DVD na asali idan ɗan'uwa zai taho maka da shi daga waje ka ce ya duba zon, wato lambar yankin duniya da aka yi faifan dominsa, don na Faransa zon 2 ne, na Amurka zon 1, mu kuma muna zon 5, wasu lektar ƙi suke su karanta, kodayake ƙananan nan na Sin da ake sayarwa a kasuwa yawanci ba su da wannan tsiyar. Babbar matsalar faifai ƙura ce da hannun yara, ranar da aka ɗauke shi da hannun maiƙon ƙosai an gama.

Saura kile (USB) ko katin memori, wanda shi mafi yawanmu ke yi wurin masu turi. Ba ya karcewa, kuran ya ɗauke a juya shi a waya ko tablet. Amma a nan ake cutar mutane, fim ɗin da bai fi sati biyu da fitowa a silima ba in an tura maka, to da kamara aka ɗauke shi a ɗakin kallo, hoto dishi-dishi, kana jin tarin mutane, wani lokaci kan wani ya gilma. Yi haƙuri wata biyu ko uku kwafi mai tsabta ya fito. Kuma kafin ka biya ka sa mai shago ya kunna maka farko da tsakiya, ka ji da kunnenka Faransanci ne, yaron CE1 ba zai iya bin rubutun ƙasan allo ba.

Kar yawan kuɗin da fim ya tara ya ruɗe ka. Ne Zha 2 na Sin ya haura dala biliyan 2 a 2025 amma kusan duk a Sin aka kalle shi, Encanto na 2021 kuwa bai yi wani tashe a silima ba sai da ya shiga gidaje. Ka fara kallo da kanka. Kirikou na 1998 labarin ƙauyen Afirka ta Yamma ne, yara na son shi sosai, amma matan ciki ƙirji a buɗe suke, kowa ya san tsarin gidansa. Nemo kuma da mutuwar uwa yake farawa, ƙanana kan tsorata.

In kuma ka ci karo da Bon Voyage Sim na 1966, na Moustapha Alassane ɗinmu da ya zauna a Tawa ya rasu a 2015, don Allah sa shi a kilen, gajere ne, kwaɗo ne shugaban ƙasa a ciki.