Makonni uku a ajin taswirar cututtuka: abin da na samo da abin da ya rage

Shekara 11 ke nan ina aikin sa ido kan cututtuka, kuma a duk tsawon wannan lokaci akwai gurbi guda a takardar rahoto da nake cikewa ba tare da na tsaya na yi tunani ba, wato gurbin adireshi. Majinyaci ya faɗi inda yake zaune, in rubuta, in wuce kan shekarunsa da ranar da zazzaɓi ya fara. Kwas ɗin da na kammala kwanan nan shi ya hana ni wuce wannan gurbi da sauri. An shirya shi ne don horar da jami'an binciken annoba kan cututtukan da ƙwari ke yaɗawa, da waɗanda ake ɗauka daga dabbobi, da yadda ake ɗora su a kan taswira. Abokan aiki da dama sun tambaye ni ko ya cancanci mutum ya bar aikinsa har makonni uku saboda shi. Ya cancanta, amma akwai abubuwan da nake so ku sani kafin ku nema.

Ranar farko malamarmu ta fara da labarin da kowane ɗalibin wannan fanni ya sani, na Dakta John Snow da kwalarar da ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan a 1854, wadda ta kashe mutum fiye da 600. Na ɗauka maimaici ne kawai: gidajen mamata sun taru kewaye da famfon titin Broad, aka cire hannun famfon, shi ke nan. Sai ta ja hankalinmu zuwa ga mutanen da ba su dace da taswirar ba. Akwai wata bazawara da ke zaune a Hampstead, nesa da Soho, wadda ta rasu da kwalara alhali ba a fama da cutar a unguwarsu. Da Snow ya bincika, sai ya gano ashe kullum ana kai mata ruwan wannan famfo ne, saboda tana son ɗanɗanonsa. Sannan ga ma'aikatan wata masana'antar giya a kan titin kansa, da mazauna wani gidan gajiyayyu da ke kusa, waɗanda cutar ba ta yi musu ɓarna ba, don suna da nasu abin sha da rijiyarsu. Malamar ta ce mu lura da kyau: inda mutum yake kwana daban, inda ya kamu daban, asibitin da ya kai rahotonsa kuma daban. Idan ka ɗora na farko ko na uku a taswira kana zaton na biyu ne, za ka tura ma'aikata da magani inda ba nan matsalar take ba.

Wannan magana ta zauna mini, don na tuna taswirori nawa na taɓa gani da ke nuna cuta ta fi yawa a kewayen babban asibiti, alhali ba komai ba ne illa can ne ake da kayan gwaji.

Mu 22 ne a ajin, kuma a ganina zaɓen mahalarta shi ne babban abin da masu shirya kwas ɗin suka yi daidai. Ba jami'an lafiyar ɗan adam kaɗai aka tara ba. Akwai likitocin dabbobi, akwai masana ƙwari biyu, akwai ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, da wata mai duba lafiyar nama a mayanka. Kowane rukunin aiki sai da aka cakuɗa shi. Mun daɗe muna jin taken nan na cewa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli abu guda ne, muna kuma haddace alƙaluman da ke cewa kusan kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da ke kama mutane daga dabbobi suke, sababbin da ke ɓullowa kuwa kusan kashi 75. Amma gani ya kori ji. Sai da aka ba mu aikin zazzaɓin Rift Valley na fahimci abin da ake nufi.

An ba kowane rukuni tarin takardu a cakuɗe: rahoton ruwan sama na watanni, hotunan tauraron ɗan adam da ke nuna yadda ciyayi ke ƙara kore, bayanan garken tumaki, da rajistar asibiti mai cike da masu zazzaɓi. Aka ce mu faɗi ranar da ya kamata a ce an buga ƙararrawa. Ni da wani abokin aiki muka duƙufa kan rajistar asibitin, muna neman ranar da masu zazzaɓi da zubar jini suka fara yawa. Likitar dabbobin da ke rukuninmu ta bar mu muka gama, sannan ta zaro wata takarda daga ƙasa ta ce, "Ranka ya daɗe, duba nan. Tumaki sun fara ɓari makonni kafin mutum na farko ya zo asibitinku." Haka kuwa abin yake. Ƙwan sauron Aedes na iya jure fari a busasshiyar ƙasar fadama. Idan aka yi ruwa mai yawa fadamar ta cika, sai ya ƙyanƙyashe, sauron ya kai wa dabbobi cutar, tumaki masu ciki su yi ta ɓari, 'yan raguna su yi ta mutuwa. Mutane kuwa galibi suna kamuwa ne daga jini da naman dabbar da ta kamu, wajen yanka ko fiɗa ko taimaka wa mai haihuwa. An fara bayyana cutar a Kenya a 1931, ta yi ɓarna a Masar a 1977, ta tsallaka zuwa Saudiyya da Yemen a 2000. Annobar da aka yi a gabashin Afirka a 2006 zuwa 2007 kuwa, masu bin bayanan ruwan sama da na ciyayi ta tauraron ɗan adam sun hango haɗarinta tun kafin a samu majinyaci na farko. Ma'ana, lokacin da rahoto ya iso teburina, labarin ya riga ya tsufa a wurin makiyayi da likitan dabbobi. Wannan aiki na yini guda ya fi mini duk laccocin makon amfani.

Ɓangaren ƙwari ma ya yi armashi, musamman ranar da aka fitar da mu da ludayi da 'yan kwalabe muka bi gida-gida muna leƙa duk wani mazubin ruwa. A nan na koyi bambance tsutsar sauro da ido. Ta Anopheles mai kawo zazzaɓin cizon sauro tana kwanciya ne a miƙe tare da saman ruwa, ta Aedes da ta Culex kuwa suna ratayewa ne kai ƙasa, bututun numfashinsu na taɓa sama. Muka ƙirga mazuban da ke da tsutsa a cikin kowane gida 100, wanda shi ne ma'aunin Breteau da ake amfani da shi wajen kimanta haɗarin zazzaɓin dengi da shawara. Malamin ya nanata cewa Aedes aegypti da rana yake cizo, kuma ba ya nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi, 'yan ɗaruruwan mitoci ne kawai. Saboda haka idan an samu majinyaci, da'irar da za a zana kewaye da gidansa ƙarama ce, amma dole a zana wata kewaye da makarantarsa ko wurin aikinsa, tun da can yake yini. Kun ga mun sake dawowa kan gurbin adireshi.

An kuma ba mu sa'a guda kan Anopheles stephensi, sauron Asiya da aka fara gani a Jibuti a 2012, sannan a Habasha a 2016, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kansa a 2019. Abin tsoro game da shi shi ne yana hayayyafa a tankunan ruwa da wuraren gini a tsakiyar birni, inda taswirorinmu na dā suke nuna haɗarin zazzaɓi kaɗan ne.

Makon ƙarshe na kwamfuta ne, kuma na yaba da cewa duk manhajojin da aka koya mana na kyauta ne, babu wanda zai koma ofis ya tarar da lasisi ya ƙare. KoboToolbox muka yi amfani da ita wajen tattara bayanai a waya, tana aiki ko babu intanet, tana kuma ɗaukar lambobin wuri daga GPS. QGIS kuwa ita ce ta zana taswira. Ranar da na fara shigar da bayanaina, sai na ga wasu ɗigon majinyata sun faɗa tsakiyar teku. Hankalina ya tashi, don irin waɗannan bayanai ne nake aikawa sama shekara da shekaru. Mataimakin malamin ya zauna kusa da ni ya nuna mini dalili: a wasu layukan an musanya lambar kudu da arewa da ta gabas da yamma, a wasu kuma an bar gurbin babu komai, manhajar ta ɗauke shi sifiri da sifiri, wanda wuri ne a cikin Tekun Gini. Ya ce kada in taɓa yin wani lissafi kafin in kalli ɗigon da idona in tabbatar kowanne yana inda ya kamata. Haƙurin wannan bawan Allah ya cancanci yabo, don kusan rabin ajin sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Darasin da ya fi nauyi a makon shi ne na yawan jama'a. Muka zana taswirar adadin masu cuta, gundumomin birni suka yi jajir. Muka ɗauko ƙiyasin yawan mutane daga WorldPop, wani rumbun bayanan yawan jama'a da ke yanka ƙasa zuwa ƙananan murabba'ai na kimanin mita 100, muka raba adadin masu cutar da yawan mazauna, sai jan ya tashi daga birni ya koma wata ƙaramar gunduma ta karkara da ba wanda ya kula da ita a taswirar farko. Bayanai ɗaya, taswira biyu, shawara biyu masu karo da juna. An kuma gargaɗe mu sosai kan sirrin majinyata: ɗigo a kan gida tamkar rubuta sunan mai gidan ne, don haka taswirar da za ta fita daga ofis sai an tara ɗigon a matakin gunduma ko an ɗan gusar da su daga ainihin wurin.

To, ga inda na ga gazawa. Babbar ita ce gaggawar da aka yi a ɓangaren lissafi. SaTScan, manhajar da Martin Kulldorff ya samar don gano ko tarin masu cuta a wuri guda na gaske ne ko katari ne kawai, yamma ɗaya aka ba ta. Mun danna abin da aka ce mu danna, da'irori suka fito a taswira, amma da na tambayi yadda ake zaɓen iyakar girman da'irar, sai aka ce lokaci ya ƙure. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin wanda ya iya fitar da da'ira bai iya kare ta ba zai iya sa a ɗora wa wani ƙauye tambarin annoba ba gaira ba dalili. Da an rage jawaban buɗe taro da na rufewa, da an samu ƙarin yini guda.

Na biyu, an yi wa kaska rowar lokaci. Zazzaɓin Kirimiya da Kwango mai sa zubar jini, wanda kaskar Hyalomma ke yaɗawa, yana iya kashe har kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu, kuma shanu da tumakin da ke ɗauke da ƙwayar cutar ba sa nuna alamar ciwo. Ke nan dabarar da muka koya a kan Rift Valley, ta jiran dabba ta fara nuna alama, ba ta aiki a nan, sai an gwada jinin dabbobi da kaskar kanta. Wannan bambanci ya cancanci aikin rukuni, amma minti 40 aka ba shi. Haukan kare ma, da ke kashe kimanin mutum 59,000 a shekara a faɗin duniya, a gurguje aka wuce shi, duk da cewa wurin yi wa karnuka allura taswira na da matuƙar amfani: sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki kafin a katse yaɗuwar cutar, kuma taswira ce ke nuna lungunan da masu allura suka tsallake.

Na uku, yawancin bayanan da aka ba mu na gwaji an riga an wanke su tas. A bakin aiki kuwa sunan ƙauye ɗaya kan zo da rubutu iri huɗu, iyakokin gundumomi na ma'aikatar lafiya ba su dace da na ma'aikatar dabbobi ba, kuma wata uku na iya ɓacewa daga rajista. Ranar da aka bar mu muka taɓa namu bayanan ita ce ta fi koyar da ni, kuma rana ɗaya ce tak. Bayan an tashi ma babu wani tsari na haɗa ɗalibi da malamin da zai duba taswirarsa ta farko. Mu da kanmu muka buɗe zauren WhatsApp muna taimakon juna.

Wanda zai je, ya tafi da kwamfuta mai ɗan ƙarfi, don biyu daga cikinmu sun sha wahala da hotunan tauraron ɗan adam. Ya tabbatar hannunsa ya faɗa da Excel, ya kuma san bambancin sababbin kamu da jimillar masu ɗauke da cuta, domin ba za a tsaya koya masa ba. Ya ɗauki bayanan wurin aikinsa na aƙalla shekara biyu, bayan ya cire sunaye, ya matsa a ba shi dama ya yi aiki da su. In da hali kuma, kada ya je shi kaɗai, ya nemi a tura shi tare da likitan dabbobin yankinsu.

Da na dawo, na ƙara tambayoyi uku a ƙarƙashin gurbin adireshi a takardar bincikenmu: ina majinyaci yake yini, ina ya je a makonni uku da suka wuce, kuma ko ya taɓa dabba marar lafiya ko jininta. Na kuma je ofishin likitan dabbobi na gabatar da kaina, abin da ban taɓa yi ba a shekara 11. Mun shirya duk ranar Litinin ta farkon wata zai turo mini rahoton ɓari da mace-macen garke, ni kuma in tura masa na masu zazzaɓin da gwaji bai nuna na cizon sauro ba ne. Rahotonsa na farko ya iso makon jiya, kuma ƙauyuka biyu a ciki ba su ma cikin jerin da nake da shi, don haka jibi zan fita da waya in ɗauko lambobinsu.