Rigar ruwa a bayan filin Giants

Yaya, ranar Asabar wani abokin aikina ya ja ni kallon besbol, wasan nan na Amurkawa da ake dukan ƙwallo da gora. Na ɗauka cikin fili za mu shiga, ashe ruwa ya nufa da ni. Filin ƙungiyar Giants, wato Oracle Park, a bakin teku yake a nan San Francisco, tun 2000 aka buɗe shi. Bayan katangarsa akwai wani lungun ruwa da ake kira McCovey Cove. Nan mutane ke taruwa cikin ƙananan kwalekwalen roba, wasu da rediyo a wuya, wasu da koma mai dogon mariƙi, suna jiran ƙwallon da za ta tsallako ta faɗo ruwa. Wanda ya tsamo, tasa ce. Barry Bonds, tsohon ɗan wasan Giants, shi kaɗai sau 35 ya bugo ta nan.

Daga ruwan ba ka ganin wasan, sai dai ihun 'yan kallo ya sauko maka. Ga iska mai ratsa ƙashi, ga kuɗin hayar kwalekwale da in na juya shi zuwa naira sai gabana ya faɗi.

Amma abin da ya tsaya min a rai ya faru ne a wurin hayar. Wata yarinya da ba ta kai Hauwa tamu ba ta miƙo min rigar ruwa, wadda ke hana mutum nutsewa. Na ce mata ni ɗan Yauri ne, a kogin Kwara na tashi, ba na buƙata. Ko gardama ba ta yi ba, sai ta janye filafilin daga hannuna. A gaban mutane! Raina ya ɓaci ƙwarai. Da na sa, sai da ta ja kowane maɗauri ta tabbatar ya kama, sannan ta sake ni.

Ina zaune kan ruwan sai hatsarin garin Wara na jihar Kebbi ya faɗo min, jirgin nan da ya nutse a 2021 da mutane fiye da ɗari. Mu a jirgi ɗaya za mu loda mata da goyo, buhunan hatsi, har da babura, wanda ya tambayi riga a ce masa matsoraci ne, ko a ce kwana ba ya wuce ranarsa. To ai addini bai hana mu ɗaure raƙumi ba. Su a nan kan ƙwallo guda suke wannan tsantseni.

Ranar ko ƙwallo ɗaya ba ta faɗo ba. Ka ƙirga min mutum nawa jirgin Baba ke ɗauka ran kasuwa, ka kuma tambayo kuɗin riga ɗaya, ƙarshen wata zan turo.