Hattara da mai tallar eriyar "jan ƙarfe zalla" a Bauchi

Salamu alaikum 'yan uwa masu sha'awar rediyon oba-oba. Akwai wani bawan Allah da ke tallar eriyar daifol (wato eriyar waya mai hannu biyu) a zaurukan WhatsApp, wai ta zangon mita 40 ce (zangon da ke farawa daga megahaz 7), jan ƙarfe zalla, an riga an yanka daidai, kai dai ka rataya kawai. Na tura kuɗi, ya ba direba, na karɓa a tasha.

Na ɗaura ta tsakanin bishiyar maina da ƙarfen tankin ruwa a gidanmu na Fadaman Mada, na jona NanoVNA, 'yar na'urar da ke auna megahaz ɗin da eriya ta zauna a kai. Maimakon ta zauna a megahaz 7.1, sai ga ta can a 6.8, ƙasa da zangon gaba ɗaya. Lissafin tsawon eriyar ba ɓoyayye ba ne: ka raba 143 da megahaz ɗinka, a 7.1 ya ba ka mita 20.1, kowane hannu mita 10 da 'yan kai. Amma wannan na tsirarar waya ne. In waya tana sanye da roba, robar tana rage wa sigina gudu, sai eriyar ta zama kamar ta fi tsawonta, dole a rage kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari. Kaurin waya da nisanta daga ƙasa ma suna taɓa lissafin. To ta yaya mutum zai yanka maka daidai bai taɓa ganin tsakar gidanka ba?

Wannan dai da sauƙi, filaya ce maganinsa, a rage tsawon kawai. Amma da na kira shi sai ya ce, "Alhaji, ai rediyonka ne ke da matsala, ƙaro kuɗi in aiko maka da tuna," wato na'urar da ke daidaita rediyo da eriya. Nan jikina ya ba ni.

Na datse bakin wayar na kankare da reza. Ja a waje, fari fat a ciki: goran ruwa ne aka yi wa fatar jan ƙarfe. Na kara laita, silin suka lanƙwashe nan take, alhali jan ƙarfe na gaske ja yake yi ya tsaya. Abin da ke rufa masa asiri shi ne sigina ta fatar waya take bi, don haka kwanakin farko za ka ji tashoshi lafiya lau. Sai ka zo yin dalma ta ƙi kamawa, ko iskar farkon damina ta kaɗa ta ta tsinke a gindin kulli. Da na ɗaga ƙunshin tun a tasha ma ya kamata in gane, don ba shi da nauyi sam.

Na tura masa hoton bakin wayar, ya toshe ni. Shekaranjiya na ga tallar ta dawo da wata lamba daban, amma hoton bai canja ba: shuɗiyar waya a naɗe kan tabarma, da farin tef a gefe.